Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura maɓallan MIDI a manhajar kiɗa

Kwanturolar MIDI, wato na'urar maɓallai da ake sarrafa manhajar kiɗa da ita, ba ta fitar da sauti, lambobi kawai take aikawa. Duk sanda ka murɗa maɓalli, abu uku take gaya wa kwamfuta: tashar da saƙon ya biyo, daga 1 zuwa 16, lambar maɓallin, wadda ake kira CC, sai kuma inda ka kai shi, daga 0 zuwa 127. Haka tsarin yake tun 1983, lokacin da Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suka jagoranci haɗa shi, kuma yawancin na'urorin da ke kasuwa har yau da shi suke aiki. Mai kiɗan da bai san lambobin da na'urarsa take aikawa ba shi ne za ka ji yana cewa an sayar masa da jabu, alhali an bar jaki ne ana dukan taiki.

Saboda haka kuskure na farko shi ne fara ɗaura maɓallai, wato haɗa kowanne da aikin da zai yi a manhaja, kafin a duba abin da suke faɗa. Akwai manhajojin da ke nuna hakan: MIDI-OX a Windows, MIDI Monitor a Mac, duka kyauta, FL Studio kuma, wanda manhajar kiɗa ce, yana da Debug log nasa. Buɗe ɗaya, ka taɓa kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta lambarsa a takarda. Idan ka gama da MIDI-OX ka rufe shi, domin a kwamfutocin Windows da yawa manhaja ɗaya ce ke iya riƙe na'urar a lokaci guda. Ka bar shi a buɗe, FL Studio ba zai ji komai ba.

Da takardar a hannunka za ka gano kuskuren da ya fi ko wanne ɓata lokaci, wato hawa kan lambar da ta riga ta sami mai ita. Ba duk CC ba ne a sake. Lamba 1 ta wilin girgiza sauti ce, wato mod wheel, 7 ta ƙarfin murya, 10 ta karkata sauti hagu ko dama, 11 ta lafazi, 64 ta fedar riƙe sauti. 0 da 32 na zaɓen bankin sautuka ne, daga 120 zuwa 127 kuma umarni ne na musamman, kamar 123 da ke kashe duk sautin da ke kunne. Ɗauki kwanturolar Korg nanoKONTROL2 yadda take fitowa daga kwali: fedojinta takwas na ja sama da ƙasa suna aika 0 zuwa 7 ne. Ma'ana ta biyu tana kan lamba 1, ta takwas tana kan lamba 7. Ka ɗaura ta takwas ɗin a kan ribab, wato amsa-kuwwar sauti, ka ja ta ƙasa, kana iya jin muryar fulogin, wato ƙaramar manhajar sautin da kake kai, ta ɓace gaba ɗaya, domin shi ma ya ji lamba 7 ya yi biyayya. Maɓallan R nata kuma daga 64 suke farawa, don haka na farkon yana iya maƙale maka sautin fiyano kamar ka taka feda ka ƙi ɗagawa.

Gyaran ba a cikin manhajar kiɗa yake ba, a jikin na'urar yake. Kusan kowane kamfani yana da manhajar saiti: Korg Kontrol Editor, MIDI Control Center na Arturia, Components na Novation, Akai ma tana da tata ta MPK Mini. Mayar da maɓallanka kan lambobin da ba a ba kowa ba. Daga 20 zuwa 31 a sake suke, haka daga 102 zuwa 119. Ni na fi son na biyun, don sun kai goma sha takwas a jere. Kuma kada ka tsaya a canzawa a allo kawai. Sai ka danna umarnin rubuta saitin cikin na'urar, in ba haka ba da ka zare wayar USB aikin ya tafi.

Sai maganar ƙofa. A manhajar kiɗa ta Ableton Live kowace na'ura tana da makunnai a saitin MIDI: Track na shigar da sautukan da ka danna, Remote na ɗaura maɓallai. Mutane da yawa suna kunna Track, kibod ya yi kuka, su danna Ctrl+M don ɗaurawa, su yi ta murɗa maɓalli ba abin da ya kama. Remote ne a kashe. A FL Studio kuwa, F10 ke buɗe saitin, kuma bayan Enable akwai lambar Port, wato ƙofar da na'urar ke shigowa ta ciki. Idan na'urori biyu gare ka, ka ba kowacce lambarta daban, kada kuma ka riƙa sauya ta, saboda ɗaurin da ka yi yana tuna lambar ƙofar da aka yi shi da ita.

Akwai matsalar da masu amfani da Yamaha PSR a matsayin kwanturola suka sani, kuma irin wannan fiyano ba baƙo ba ne a situdiyoyin Kano. Ka danna sauti ɗaya ka ji biyu sun hau juna, siriri kamar ta cikin bututu. Fiyanon ne ya buga sautin da kansa, ya kuma aika wa kwamfuta, ita kuma ta dawo masa da shi. Shiga Function ka kashe Local Control. Kawai ka tuna cewa ka kashe shi, don ran da ka ɗauki fiyanon zuwa wajen biki ba kwamfuta, shiru za ka ji.

Yanzu ga abin da ke lalata rikodi a tsakiyar aiki. Ka buɗe waƙar jiya, murya tana kan 90 a allo, amma fedar da ke gabanka tana ƙasa can wajen 15. Kana taɓa ta sai murya ta faɗo ƙasa lokaci guda. Ba lalacewa ba ce: fedar inda take ta faɗa, manhaja ta bi. Ableton yana da Takeover Mode mai zaɓi uku. None shi ne mai tsallen. Pickup yana sa manhaja ta yi biris da fedar har sai ta iso daidai inda darajar take, sannan ta kama. Value Scaling yana jan su biyun a hankali har su haɗu. FL Studio ma yana da Pickup. Ga mai haɗa sauti a zaune, Pickup ya fi aminci. Ga mai wasa a gaban jama'a kuwa yana iya ba da haushi, don kana ja kana jin ba abin da ya motsa, nan Value Scaling ya fi daɗin hannu.

Maɓallan murɗawa iri biyu ne, kuma rashin bambance su kuskure ne mai zaman kansa. Akwai mai iyaka, wanda ke tsayawa hagu da dama, yana aika 0 zuwa 127. Akwai mara iyaka, mai juyawa ba tsayawa, wanda sau da yawa cewa kawai yake "ƙara" ko "rage". Abin takaici, kamfanoni ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba: wani 65 ne ƙari 63 ragi, wani 1 ne ƙari 127 ragi. Idan manhaja ta ɗauke shi a matsayin mai iyaka, za ka ga abin yana karkarwa a tsakiya, ko yana tsalle daga ƙasa zuwa ƙololuwa. A Ableton, lokacin ɗaurawa ka murɗa shi a hankali zuwa hagu don ya gane irinsa. In ya kasa, ka zaɓa da kanka a ƙasan allo. Maɓallan dannawa ma haka: wani yana aika 127 in ka danna, 0 in ka saki, wani kuma sai ka sake dannawa yake aika 0. Idan maɓallin kashe murya yana aiki ne kawai muddin yatsanka na kai, mayar da shi Toggle a manhajar saiti.

Fedar ƙafa da ke aiki a juye, tana riƙe sauti in ka ɗaga, ba ta buƙatar wani ɗauri. Kashe kibod, jona ta, ka kunna ba tare da ƙafarka na kai ba. In tana da ɗan makunni a ƙasa, juya shi.

Wurin ganguna, sunan sauti ne ke ruɗa mutane. A tsarin General MIDI na 1991, ganguna suna tasha ta 10, kik, wato babbar ganga, lamba 36, sinya, wato ƙaramar ganga, 38. Amma 36 ɗin nan Ableton C1 yake kiranta, FL Studio kuma C3. Wanda ya kwafi saiti daga bidiyon mai Ableton ya zuba a FL da suna, ya kauce da zango biyu, wato oktaf biyu. Bi lamba, bar suna.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne barin maɓalli ya ci zango duka. Matakai 128 ne kacal. Ka shimfiɗa su a kan filta, wato matatar sauti, tun daga ƙasa har sama, ɗan motsi kaɗan ya kai ka inda ba ka so, wani lokacin har ka ji sautin yana hawa daki-daki. A Ableton rage Min da Max. A FL akwai Mapping formula: Input*0.5 yana tsayar da shi a rabi, 1-Input yana juya shi, Smoothing kuma yana goge dakin. Babban bolum dai kada ka ɗaura shi ba iyaka, hannun riga ma yana iya ture feda.

Na ƙarshe, ɗaurin da ka yi da Ctrl+M a Ableton, ko da Link to controller a FL, cikin waƙar nan kaɗai yake zaune. Ka buɗe sabon aiki, babu shi. Gina aiki guda marar kiɗa, ka ɗaura komai, ka adana shi a matsayin tamfulet da za ka riƙa farawa da shi. A FL kana iya yin ɗaurin gama-gari ta Multilink, wato Ctrl+J, wanda ke bin fulogin duk inda ka buɗe shi. Fayil ɗin saitin na'urar kuma ka ajiye kwafinsa a filashi tare da hoton takardar lambobin, musamman idan situdiyon ba kai kaɗai ke shiga ba.