Yadda Ake Ajiye Wake Daga Kaka Zuwa Bazara a Karkarar Nijar

A Nijar kusan mutum 8 cikin 10 a ƙauye suke, kuma ga mafi yawan magidanta gero ne abinci, wake ne kuɗi. Matsalar ita ce kowa yana fito da wakensa kasuwa a lokaci guda. Daga watan Oktoba zuwa Disamba ga bashin damina, ga kuɗin makaranta, ga bikin aure, sai farashi ya faɗi warwas. 'Yan sari su kwashe daga kasuwannin Maraɗi, Tasawa, Matamai da Magarya, su bi ta Jibiya ko Maigatari su kai Dawanau a Kano. In bazara ta zo, manomin da ya sayar da arha shi zai koma ya sayi iri da tsada. Abu biyu ke tilasta masa sayarwa da wuri: tsoron ƙwaro, da rashin kuɗi a hannu. Kowannensu yana da magani.

Ƙwaron wake ba a ɗaki yake fara ɓarna ba. Tun a gona uwar take saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsa ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta ci, ta girma, ta fito ta sake saka nata. Da zafin ƙasarmu zagaye ɗaya ba ya wuce wata guda, shi ya sa buhun da aka ɗinke yana sumul yake komawa gari da ramuka bayan wata uku ko huɗu. Wake ko ya yi kyau a ido, a ɗauka akwai ƙwai a ciki.

Aikin farko shanya ne, kuma nan mutane suka fi yin gaggawa. Bayan an casa an sheƙe, a tsince tsakuwa, ɓawo da duk ƙwayar da ta huje ko ta ruɓe. A baza a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa tsirara ba, kauri kada ya wuce yatsu biyu, ana motsawa, kwana biyu zuwa uku cikin rana mai ƙarfi. Gwaji shi ne a ciza: in ta fashe ƙas ta bushe, in haƙori ya nutse da saura. Mai son ƙarin tabbaci ya zuba waken a busasshiyar kwalba da cokali ɗaya na busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza, ya bar ta kamar kwata na awa. Gishiri ya manne a jikin kwalba, akwai laima. Kada kuma a ɗura wake da zafin rana a jikinsa. A bar shi ya huce a inuwa, domin mai zafi yana yin gumi a cikin leda, gumin ya kawo fumfuna.

Sai buhu. Wanda ya fi dacewa shi ne buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, reshen Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje, akwai mai cin kilo 50 da mai cin 100. Ba magani a jikinsa. Ƙwarin da ke ciki su ke shaƙe ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Don haka ƙofa ko da ta allura ce ta ɓata aikin gaba ɗaya.

Kafin a zuba komai, a kaɗa kowace leda ta cika da iska, a murɗe bakin, a danna. In ta sace, ta huje, a ajiye ta gefe. A sa leda ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa, a naɗe bakunansu waje. A fara da tiya biyu ko uku don gindin ya zauna daidai, sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa a hankali. Kada a cika maƙil: a bar aƙalla taƙi ɗaya da rabi a sama, in ba haka ba ɗauri ba zai kama ba. A matse iskar ledar ciki tas, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure tam da robar tsohon tayar babur ko igiya mai laushi. A yi wa ta biyu nata ɗaurin daban, buhun waje ma daban. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri ɗaya su ne suke dawowa suna cewa buhun ba ya aiki. Waya da siririn zaren roba suna yanka leda, a guje su.

Wurin ajiya ya zama mai inuwa. A ɗora buhunan a kan katako ko itatuwa, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai zagaya ya duba. Babban abokin gaba yanzu ɓera ne, sai gara, sai yaran gida masu tsokana da tsinke. Ba a jan buhun a ƙasa, ɗauka ake yi. Ba a kuma buɗe shi kowane mako a ɗebi na miya; na cin gida a ware shi a jarka mai murfi, a cika ta har wuya, a sa leda a bakin kafin a murɗa murfin. Buhun da aka kula da shi yana kai kaka uku, irin da aka ajiye a ciki kuma yana tsira lafiya.

Game da fiya-fiya da sauran magungunan feshi da wasu ke kwarara wa wake: a bari, don Allah. Guba ce da ke shiga cikin iyalinka da na wanda ya saya. Saboda ita ne Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015.

An gama da ƙwaro, saura buƙatar kuɗi. Tun wajen 1999 ƙungiyoyin manoma a Nijar, da taimakon FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suke amfani da tsarin jinginar amfanin gona da ake kira warantaji. Manoma su tara buhunansu a magaza ɗaya, wato ɗakin ajiya, kowane buhu da sunan mai shi, a auna a rubuta. A sa kwaɗo biyu: makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance. Rancen yakan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na darajar kayan a farashin kaka. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe, kowa ya ɗauki nasa. Sharaɗin da ba a wasa da shi: kuɗin su shiga sana'ar da za ta juya kafin wa'adi, kamar turkar rago, lambun rani, ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda ya kashe su a biki zai sayar da waken dole ranar buɗe magaza, tare da kowa, farashi ya sake karyewa.

Yawancin asusun nan suna ɗora ruwa, kuma Musulmi yana da hakkin ya tsaya a kan wannan. A kai takardar yarjejeniyar wurin malami ya duba kafin a sa hannu. Ƙungiyar da ba ta yarda da ruwa ba tana iya ba da rancen daga adashenta, irin na Mata Masu Dubara da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, ta karɓi kuɗin haya da na gadi kawai a kan kowane buhu.

Farashi ma ba kullum yake hawa ba. Shekarar da damina ta yi albarka ko'ina, ko naira ta faɗi a kan sefa, ko aka rufe iyaka kamar yadda ya faru a watan Agusta na 2019 da kuma 2023, mai ajiya yana iya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kada a jinginar da duka. A raba uku: kaso ɗaya a sayar da kaka a sallami masu bin bashi, ɗaya na ci da iri, na ukun shi ke shiga magaza. Kafin a rufe, a haɗa kuɗin buhu, dako, haya da gadi a raba su a kan tiya 40 da ke cikin buhu mai cin kilo 100, a ƙara a kan farashin ranar. Duk lokacin da kasuwa ta haura wannan adadin da riba mai kyau, a fara fitarwa kaɗan-kaɗan daga watan Afrilu, kada a jira har sabon wake ya fara shigowa.