Yadda ake zaɓen fiyanon haɗa kiɗa a kwamfuta

Yara da dama kan shigo mini sutudiyo a nan Bauchi da sabon fiyano a kwali, wai ya ƙi yin ƙara. Lafiyarsa ƙalau. MIDI suka sayo, shi kuwa bebe ne. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta wane maɓalli aka taɓa da irin ƙarfin da aka taɓa shi, sautin kuma manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ke fitar da shi.

To da farko ka tsayar da abin da za ka yi. In haɗa kiɗa ne a laftof, sayi MIDI. Ta wayar USB yake shan wuta, ko an ɗauke lantarki aiki bai tsaya ba muddin laftof na da caji. Fiyano mai sautin kansa irin Yamaha P-45, mai maɓalli 88 masu nauyi, na mai son koyon bugu ne sosai. Ga tsada, ga cin wuri. In kuma akwai fiyanon Yamaha PSR a gida mai kafar USB, jona shi ka adana kuɗinka.

Sai yawan maɓalli. Ana yin mai 25, 49, 61 da 88. Ni dai 49 nake cewa a saya. Mai 25 irin Akai MPK Mini yana shiga jaka, amma da ka ɗora hannu biyu wuri ya ƙare.

Inda aka fi yin asara shi ne gwaji, musamman a kayan gwanjo. Na taɓa sayen wani na hannu, na bi maɓallan da yatsa sau ɗaya, duk suka amsa, na biya. Sai da na zo gida na gane uku a tsakiya ƙarfi ɗaya suke bugawa, ko ka lallaɓa ko ka doka. MIDI na auna ƙarfin taɓawa har zuwa 127, kuma wata roba ce a ƙarƙashin maɓalli ke wannan aikin. Ƙurar hunturu ta shige ta, shi ke nan. Kiɗan kalangun da ka buga da irin wannan zai fito a sandare kamar ana dukan ƙusa. Don haka ka tafi da laftof ɗinka, ka taɓa kowane maɓalli sau biyu, a hankali sannan da ƙarfi, baƙaƙen ma kada ka tsallake. Ka girgiza wayar USB a kafarta ka ga ko zai yanke. Mai kaya ya ce sauri yake, bar masa kayansa.

Duba kuma yana da ƙafar lanƙwasa sauti a gefen hagu, wato 'yar tayar da ake ja da yatsa don ɗaga sauti ko saukar da shi (pitch bend). In babu ita, sarewa da algaita ba za su yi maka daɗi a kiɗan nanaye ba. Ka ja ta ka saki, ta koma tsakiya da kanta.

Yawan fitilu da abin murɗawa kada su ruɗe ka, rabinsu ba za ka taɓa su ba. In ka jona ka ji sauti na makara bayan ka danna, ba laifin fiyanon ba ne: shiga saitin sauti na manhajar, zaɓi direban sauti mai suna ASIO, rage bafa (buffer, ma'aunin da ke sa sauti jinkiri in ya yi yawa) zuwa 256. Ka samo zani ka riƙa rufe fiyanon kullum bayan aiki.