Ku biyu ne kuke waƙa? Ga yadda za ku fitar da albam ɗinku

Kafin ku biya ko sisi a situdiyo, ku samo takarda da biro ku zauna ku biyu ku rubuta wa ke da me. Na san za ku ce haba ai mu tare muka tashi, to ku dubi P-Square, Peter da Paul Okoye, tagwaye ne ciki ɗaya, a Jos suka girma, albam shida suka fitar tsakanin 2003 da 2014 kuma babu lungun da ba a ji su ba a Afirka, amma suka rabu a 2017, suka shirya a 2021, a 2024 aka sake watsewa, kuma cikin abin da duniya ta ji suna ja-in-ja a kai har da maganar kuɗi da wa ya rubuta wace waƙa. In tagwaye za su kai nan, kai da abokinka na unguwa fa?

Takardar ba wata wahala gare ta ba. Kowace waƙa a sa sunanta, a rubuta wa ya yi baitoci, wa ya kawo amshi, wa ya buga kiɗa, sannan kashi nawa kowa zai ɗauka cikin ɗari, kowa ya sa hannu a gaban shaida. Ku ƙara da sunan da kuke amfani da shi tare, in an rabu na waye ko kuwa binne shi za a yi, da imel da lambar sirrin YouTube ɗinku, don wallahi yawancin rigima daga nan take farawa, mutum ɗaya ne ya buɗe shafin da layinsa, ranar da aka saɓa sai ya canza lamba ya bar ɗan'uwansa a waje. Shi ma furodusa ku tambaye shi ƙarara, kiɗan nan sayar mana ka yi gaba ɗaya ko haya ka ba mu, don wasu suna sayar wa mutum uku kiɗa ɗaya.

Sai aiki. A wurin su Spotify waƙa bakwai zuwa sama ita ake lissafawa albam, in huɗu ce zuwa shida kuma ba su kai minti 30 ba to EP ce, wato ƙaramin albam. Ni shawarata ku ɗauki kamar goma sha biyu ku zubar da masu rauni, ko da ɗayanku zai ɓata rai. Miksin da mastarin, wato haɗa murya da kiɗa da daidaita sautin ƙarshe, ku bar wa mutum ɗaya, in ba haka ba za ka ji waƙa ta uku na ƙara kamar za ta fasa kunne ta huɗu kuma sai ka ƙure sauti, kuma a kula kar muryar ɗaya ta danne ta ɗaya, abin yana ci wa mutum rai ko bai faɗa ba. In an gama kar ku yarda da manyan sifikun situdiyo, komai daɗi yake a can, ku saurara a ƙaramar waya da cikin adaidaita sahu, nan ne mutanenku za su ji ta. Ku karɓi fayil ɗin WAV, wato na asali mai cikakken ingancin sauti, da muryoyi da kiɗa daban-daban ku adana wuri biyu. Kuma dan Allah a daina tura wa abokai a WhatsApp wai su ɗan ji.

Ba ku ne za ku ɗora a Spotify da Apple Music da Boomplay da kanku ba, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, su za su ba kowace waƙa lambarta ta ISRC, wato lambar shaidar da ake gane ta da ita, kuma DistroKid yana da tsarin raba kuɗi kai tsaye kowa kasonsa ya shiga asusunsa, ku kunna shi tun ranar farko. Hoton bangon albam girmansa ya zama pixel 3000 sau 3000, kar a sa lambar waya a kai za su dawo da shi. Audiomack kuwa kuna iya ɗorawa da kanku.

Rana ku zaɓi Juma'a, tun 2015 ita ce ranar da duniya ke sakin sabbin waƙoƙi, ku miƙa aikin kamar wata guda kafin nan saboda Spotify na son a gabatar musu da waƙa ɗaya aƙalla kwana 7 kafin fitowa in kuna son masu tsara jerin waƙoƙinsu su duba ta. In 'yan arewa ne masu sauraronku kar ku saki cikin azumi, ku jira Sallah, kuma in a Kano kuke ku bi ta Hukumar Tace Fina-finai tukuna, hurumin waƙa ma nata ne. Kafin ranar ku saki waƙa ɗaya ko biyu da bidiyo, ku yanka amshin zuwa daƙiƙa ashirin don 'yan TikTok, ku biyun ku dinga ɗorawa lokaci ɗaya ba ɗaya na talla ɗaya na barci ba. Masu tura waƙa a memori a kasuwa kuma ba za ku iya hana su ba, gara ku kai musu mai kyau da hannunku bayan ta fito. Kuɗin sauraro yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya fara shigowa, saboda haka kar ku ci bashin bidiyo da sunan za ku biya a satin farko.