Takardun tallafin karatu biyu a hannu: ta gida ko ta waje?

Ranar da ƙanena ya shigo da takardunsa biyu, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ɗaya ta wata gidauniya ce da za ta ɗauki nauyinsa ya karanta injiniya a Zariya, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga nan Funtuwa. Ɗayar ta gwamnatin Turkiyya ce. Shi dai zuciyarsa ta riga ta hau jirgi. Inna kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wadda zan iya aika maka yaji da ƙuli ita ce tawa."

Ni malamin sakandare ne, kuma kusan kowace shekara sai wani tsohon ɗalibina ya zo min da irin wannan rigimar. Ga yadda muka bi tamu.

Da farko ka rufe sunan ƙasa da yatsa, ka karanta sauran takardar. Kalmar "cikakken tallafi" ba ta da ma'ana ɗaya. Muka raba fallen takarda gida biyu, muka jera kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, asibiti, littattafai, kuɗin mota ko jirgi. Ta Turkiyya ta ɗauki kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, alawus duk wata, da tikitin zuwa sau ɗaya da na dawowa idan an gama. Hutun da ke tsakani, in kana marmarin gida, aljihunka ne. Fasfo, fassara takardu da rigar sanyi ma naka ne. Ta gidauniyar kuwa, da muka karanta a tsanake, kuɗin rajista da na ɗaki kawai ta ambata, kuma sai an sabunta kowace shekara bisa sakamakon jarrabawa. Duk abin da ba a rubuta ba, ka ɗauka babu shi. Kada ka yi cinikin biri a sama don wani ya ce maka a waya "ai za a duba".

Sai ka tambayi wa ke biya, da wane kuɗi. Wannan shi ne inda na fi daɗewa da shi, don nan ne yara ke shan wuya. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk uban da ya yi lissafin zai riƙa cika wa ɗansa dala ɗari a wata, sai ya wayi gari nauyin ya ninka sau uku, alhali albashinsa na nan inda yake. Saboda haka tallafin da ƙasar da za ka je ce ke biya kai tsaye ya fi kwanciyar hankali a kan wanda sai an aiko daga gida. Wanda kuma ya rataya a wuyan ɗan siyasa guda ko gwamnati mai ci, ka tambayi kanka: in an yi zaɓe an sauya hannu, wa zai biya shekarata ta uku? Ko alawus ɗin can ma ka tuna da lira ake ba da shi, ita ma ta sha faɗuwa.

Lissafin shekaru bai ɗauke mu minti biyar ba. Injiniya a Zariya shekara 5 ce. A Turkiyya 4 ce, amma da shekara guda ta koyon Turkanci a gaba, kunnen doki ke nan. Sai dai a ɓangaren gida na sa masa alamar tambaya, don yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Kada kuma ka ɗauka waje ba ta da nata tsaikon. A Fabrairun 2022 yaƙi ya sa ɗaliban likitanci suka baro Yukiren da jakar baya. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, garin da iyayenmu suka daɗe suna tura 'ya'yansu da zuciya ɗaya saboda addini da kusanci. Yara suka kwashe kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su. Wasu da suka dawo sai da suka yi ta fafutukar neman inda za su ƙarasa. Tun daga lokacin nake gaya wa kowa: in babu kuɗin tikitin dawowa a ajiye, ba ka shirya tafiya ba. Kuma duk ƙarshen zango ka karɓi sakamakonka a rubuce, ka ɗauki hotonsa ka turo gida.

Bincika kwalin tun kafin ka shiga aji. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin ya taɓa majinyaci a nan. Mai digirin lauya na waje yana da ƙarin zango a makarantar horar da lauyoyi. Kowa kuma sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance takardunsa kafin bautar ƙasa. A farkon 2024 aka dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah abin ya shafa.

Daga nan ka nemi ɗalibin da ke shekara ta uku a kowane wuri. Ba ɗan shekarar farko ba, shi har yanzu hoto yake ɗauka. Ka tambaye shi yaushe aka biya alawus na ƙarshe, nawa yake kashewa a abinci, mutum nawa ne a ɗakinsu, kuma ranar da ya kwanta ciwo wa ya kai shi asibiti.

Abin da ba ya shiga lissafin biro shi ne gida. Na zaunar da shi bayan sallar isha'i na ce, "Auta, in aka bugo maka waya cikin dare aka ce jikin Baba ya tashi, daga Zariya kafin hantsi ka iso. Daga can kuwa sai dai addu'a. Za ka iya?" Ya yi shiru mai tsawo. Da shi ne babba, ko shi ke riƙe da gona, da na ce ya zauna, ba tare da wani kwana-kwana ba. Amma mu uku ne a gabansa, duk muna gari.

Ya yi istihara, ya zaɓi Turkiyya. Baba ya sayar da ɗan maraƙi, na kai kuɗin Wapa a Kano aka canza su dala, suna nan ba a taɓa ba. Washegari na sa shi ya rubuta wa gidauniyar wasiƙar godiya, ya faɗa musu a fili ba zai karɓa ba, don a ba na bayansa tun ba a rufe rajista ba. Inna ta daka yajinta duk da haka, muka ƙulle shi a leda uku, muka cusa tsakanin rigunan sanyi.