Yadda ake fassara kalmomin haƙar ma'adinai daga Faransanci zuwa Turanci

Kafin ka buɗe ƙamus, karanta rahoton daga farko har ƙarshe, ka gane abin da ake haƙa. Zinariya ce, kwal ne, ko mai? Kalmar gisement, wato inda ma'adini ke kwance a ƙasa, a wurin zinariya deposit ce, a wurin mai kuwa field. Haka toit da mur, wato dutsen da ke saman ma'adinin da wanda ke ƙarƙashinsa: a jijiyar ma'adini hanging wall da footwall ake cewa, a shimfiɗar kwal kuma roof da floor.

Daga nan sai ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka yi kama da Turanci, don su ne mayaudara. Minerai ba mineral ba ce, ore ce, wato dutsen da ake ciro ƙarfe daga cikinsa a ci riba. Puissance a nan kauri take nufi, thickness, ba ƙarfi ba. Carotte kuma ba karas ɗin miya ba ce, sandar dutse ce da injin huda ƙasa ke fitarwa, core.

Wadda ta fi kayar da masu fassara ita ce schiste. Bafaranshe kan kira duk dutse mai ɓarewa falle-falle da wannan suna, alhali Bature ya raba su uku: shale, slate da schist. Ƙamus ba zai raba maka gardama ba, sai ka duba abin da ke kewaye da kalmar. In ana zancen laka da ta daskare, ko gas, shale ne; shi ya sa gaz de schiste ya zama shale gas. In an ce ardoisier, slate ne. In zafi da matsi sun sauya dutsen, har ana ambaton mica, wani ma'adini mai ƙyalli, to schist ne. Altération ma haka take: in ruwan sama da iska ne suka ci dutsen, weathering, in ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ne, alteration.

Sai batun adadin ma'adini, inda ba a yarda da gwaninta ba. Ressources (ma'adinin da aka ƙiyasta yana cikin ƙasa) da réserves (ɓangarensa da za a iya haƙowa a ci riba) ba ɗaya ba ne, kuma masu hannun jari da su suke lissafi. Nemi dokar Kanada mai lamba 43-101, wadda ke akwai cikin harsunan biyu, ka bi ta sau da ƙafa: matakan ressources, wato mesurées, indiquées, présumées, su ne measured, indicated, inferred. Kada ka rubuta presumed. Rumbun kalmomi na TERMIUM Plus, na gwamnatin Kanada, kyauta ne a intanet, yana taimakawa wajen sauran.

Kada ka manta da alƙaluma. Giram 2,5 a tan na Faransanci 2.5 ne a Turanci, waƙafi ya koma ɗigo. Milliard shi ne billion.

In ka gama, miƙa wa masanin duwatsu da ke aiki da Turanci ya karanta ba tare da ya ga na Faransancin ba. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka me ake nufi, koma wurin.