Yadda ake sauke babbar bishiya lafiya, na sama da na ƙasa

Kafin a taɓa igiya, a zagaya bishiyar a dube ta tun daga saiwa har ƙoli. Idan akwai kogo, ko gara ta ci gindin, ko ƙasa ta tsage a gefen saiwa, to wataƙila ba za ta ɗauki nauyin mutum ba. A ɗaga kai a nemi busassun rassa da suka maƙale, da gidan zuma ko rina. Sai kuma wayar lantarki: wanda ba a horar da shi kan aikin wuta ba kada ya kusance ta da ƙasa da mita 3, shi da reshen da yake yankawa. Wutar lantarki tana bi ta cikin ɗanyen itace. Idan waje ya matse, a nemi hukumar lantarki ta kashe layin tukuna.

Na biyu, kayan kariya. Hular kwano mai maɗauri a haɓa, tabarau, abin toshe kunne, da wandon da ke tsayar da sarƙar injin zarto. Na ƙasa ma dole ne su sa hular, don su ne abu ke faɗo wa. A bi igiya da hannu daga farko zuwa ƙarshe, a ajiye duk wadda ta fara tsinkewa.

Mai hawa, kada ka tayar da injin zarto sai kana ɗaure ta wuri biyu: igiyar hawa da ɗamarar da ta zagaye kututture. In sarƙa ta tsinka ɗaya, ɗayar ce za ta riƙe ka. Ka kama injin da hannu biyu, ka kuma kiyayi saman bakinsa, don daga nan ne yake zabura ya dawo wa mutum fuska.

Abin da na fi so a riƙe shi ne magana tsakanin sama da ƙasa. A shata wurin da rassa za su faɗi, a killace shi. Na sama ya ce, "Ku kauce!" sannan ya dakata har sai an amsa masa, "Mun kauce, yanka!" Shiru ba amsa ba ce. Ƙarar inji tana danne murya, saboda haka a shirya alamar hannu ko usur tun ana ƙasa. Shi ma na ƙasa ba ya shiga ya ja reshe sai ya ji inji ya yi shiru, sun kuma haɗa ido da na sama. Sau da yawa mai ƙoƙari ne ke jin ciwo, wanda ya sunkuya don ya rage aiki. Mai riƙe igiyar sauke reshe kuwa kada ya naɗe ta a hannunsa ko kaɗan.

Lallai a bar mutum ɗaya a ƙasa wanda ya iya hawa, kayansa a shirye. Wanda ya suma yana rataye a ɗamara ba ya jiran a je neman taimako.

Idan an zo kayar da kututturen, a yi tsaga ta gefen da ake so ya faɗi, a yanka ta baya, a bar ɗan itace tsakani, kamar kashi 1 cikin 10 na kaurinsa, wannan ɗan itacen ne zai bi da kututturen inda ake so. Sauran mutane su ja baya ninki biyu na tsawon abin da ake kayarwa. Mai yanka ya share hanyar gudunsa tun da wuri, ta baya a karkace, ya bi ta da zarar kututturen ya fara rinjaya.