Yadda za ki yi ɗan lambu a tsakar gida da zafin nan na bazara

Toh da farko dai ki cire tumatir daga ranki. Na san shi kowa ke fara tunawa in an ce lambu, balle a bazara da kuɗinsa ke tashi, amma abin da ya sa yake tsada a kasuwa shi ne dai zai hana shi yi miki a gida, wato zafi. Tumatir in rana ta haura maki 35 kuma dare bai yi sanyi ba zubar da fure yake yi, ki ga ganye kore shar amma ba ɗa ko ɗaya. Kano kuwa a watan Afrilu ana taɓa 40, Sakkwato da Maiduguri ma sai abin da ya ƙaru. Manoman Kadawa da Kura da suke da ruwan dam ɗin Tiga a hannu ma da sanyi suka fi nomansa. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke ce wa sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har tumatir ya gagari mutane, ita ma da zafi take fi ɓarna. Latas, kabeji, karas, lansir, duk ki ajiye irinsu sai wajen Nuwamba.

Abin da bazara ke so shi za ki ba ta: alayyahu, kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, zogale. Waɗannan in dai da ruwa ko a jikinsu, kuɓewa ma zafin ne ke sa ta tsiro da wuri. Na ƙamshi kuma ɗoɗɗoya da na'a-na'a da ciyawar shayi.

Kafin ki sayi komai ki tsaya ki kalli gidanki wuni guda, ina rana ke bugawa da safe, ina take bugawa da azahar. Ranar safe ake so, kamar awa 5 zuwa 6, ita kuwa ta azahar zuwa la'asar ita ce mai kisa. Don haka wuri mafi kyau shi ne jikin katangar da ke yamma da tsakar gidan, da rana ta karkata inuwar katangar za ta faɗo kan shukar ba tare da kin kashe ko sisi ba. In babu irin wannan wurin sai maigida ya taimaka ya kafa 'yan sanduna a ɗora tsohuwar zana ko asabari, ba wai a rufe ruf ba, a bari haske na ɗan ratsawa. Kar dai a sa kwano, kwano gasa su zai yi.

Mafi yawanmu yanzu tsakar gida siminti ne ko tayil, wasu ma haya suke, to buhu ya isa. Buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, bokitin fenti, bahon da ya tsage, duk suna yi. Ki huda ƙasan da ƙusa wuri da yawa don ruwa ya samu hanyar fita, sannan ki ɗora kan bulo ko katako, domin simintin nan da rana ko ke ba kya iya taka shi ba takalmi balle saiwar shuka. Baƙar roba tana jan zafi sosai, in ita gare ki ki naɗe ta da tsohon buhu.

Ƙasa: kashi 2 na ƙasa mai kyau, kashi 1 na taki, in ƙasar mai laka ce ki ƙara yashi kaɗan. Maganar taki a nan mutane suke tafka kuskure, a kwaso kashin kaji ɗanye daga akurki a zuba, kwana biyu shuka ta ƙone a ce ai rana ce. Kashin kaji sai ya ruɓe, a tara shi gefe ana yayyafa masa ruwa ana juyawa har wata guda ko fiye, sai warin nan ya tafi ya yi baƙi yana marmashewa a hannu. Na awaki da tumaki ya fi sauƙin kai, in kina da turke a gida ai kin huta. Ki cika buhun ki bar kamar tsawon yatsa a sama, ki jiƙa shi sosai kwana 2 kafin shuka.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, in kika watsa shi haka zai fito a cunkushe wuri ɗaya, sai ki gauraya da yashi tukuna ki barbaɗa, ki ɗan rufe da ƙasa shafal-shafal. Cikin kwana 4 ko 5 za ki ga ya fito, sati 3 zuwa 4 kin fara yin miya da shi. Kar ki tuge, ki yanka da wuƙa ki bar gindin zai sake tofowa. Kuma kar ki shuka duka rana ɗaya, buhu ɗaya yau, wani bayan sati 2, in ba haka ba duk lokaci ɗaya za su isa yanka ki rasa yadda za ki yi da su sai rabon maƙota (wanda shi ma ba laifi ba ne, amma dai). Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, ki sa ƙwaya 3 a rami, in sun fito ki bar mai ƙarfin, gindi 2 sun ishi babban buhu. Wajen wata biyu za ta fara 'ya'ya, daga nan kuma duk bayan kwana 2 sai kin tsinka, in kika bar ta ta ƙosa uwar sai ta rage haihuwa. Rama da yakuwa da lalo kamar alayyahu ne, sai dai ki ba su tazara. Zogale kuwa in akwai ƙasa ko 'yar kusurwa ce ki dasa reshe ko ki sa iri, ya kai ƙugunki ki datse kan, don ya yi rassa a ƙasa inda hannu ke kai, ba ya miƙe sama sai an nemo gora ba.

Yanzu ruwa, wanda shi ne duk rigimar. A bazara rijiyoyi sun ja baya, famfo sai ya ga dama, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, to ki fara da buhu 5 ko 6 kawai ki ga yadda za ki iya da su. Kowane buhu zai sha kamar lita 2 zuwa 3 a rana, kuɓewa in ta girma ta fi haka. Ba da ruwa bayan sallar asuba, sannan da yamma in rana ta yi sanyi, a gindi za ki zuba a hankali ba a kan ganye ba. Da tsakar rana kar ki kuskura ki buɗe famfon tankin sama ki zuba musu, ruwan nan tafasasshe yake fitowa. Kuma in kin ga ganye ya langaɓe da azahar kar hankalinki ya tashi, ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki ƙyale shi, da yamma zai miƙe da kansa.

Ki ajiye baho a wajen alwala, sau biyar a rana gidan mutum shida ko bakwai ba ƙaramin ruwa ba ne yake tafiya rariya. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya shi ma ki tara. Na wanki da na wanke-wanke mai omo da maiƙo ne ban yarda da shi ba. Abin da ya fi komai rage shan ruwa shi ne rufe fuskar ƙasar, buntun shinkafa, busasshen ganye, ɓawon gyaɗa ko dusar katako, ki shimfiɗa da ɗan kauri bayan shukar ta ɗago. In a ƙasa kika yi kwami, ki samo ƙaramin tulu na yumɓu ki binne shi zuwa wuya a tsakiya, ki cika da ruwa ki rufe bakin, zai riƙa tsatsafowa a hankali saiwoyin suna sha. Gorar ruwa da aka huda da allura ita ma tana yi a buhu.

Na'a-na'a ba sai kin nemi iri ba. Wadda kika sayo don shayi ki ware 'yan rassa masu ƙwari, ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa, bayan sati ɗaya ko fiye kaɗan za ki ga farar saiwa, sai ki dasa. Ki ba ta tukunyarta ita kaɗai don mamaye wuri take yi, kuma ita inuwa take so fiye da sauran, gindin randa ko kusa da famfo ya fi mata. Ɗoɗɗoya ma haka ake kama ta da reshe, ki riƙa tsinke furen in ya fito don ganye ya yawaita. Ciyawar shayi ki roƙi gindi ɗaya wajen mai ita ki dasa, ba ta da fitina. Albasar da ta fara tsiro a kicin ma kar ki yar, ki binne ta a inuwa ki samu lawashi.

Ɓarayin lambun gida kuwa ba ƙwari ne a gaba ba, ƙadangare ne da kaji da akuyar maƙota. Da rani babu kore ko'ina sai naki, ƙadangare zai share miki tsiron alayyahu tas kafin ki idar da girki. Tsohon gidan sauro shi ne maganinsu, ki lulluɓe har ƙasa ki danne da duwatsu sai shukar ta yi ƙarfi. In kin ga darɓa ko farin ƙuda a bayan ganye, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki sa ɗan sabulu kaɗan ki fesa da yamma, ki maimaita bayan kwana 5 ko sati. Toka ma ana barbaɗawa da safe. Don Allah kar a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a ganyen da yara za su ci.

Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni in hadari ya fara haɗowa, iskar farkon damina tana zuwa da ƙarfi, ki ɗaure rumfar da kyau ko ki sauke ta gaba ɗaya tunda zafin ya fara sauka, ki kafa wa kuɓewa sanda, ki ƙara huda buhunan don kar ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Buhun da rana ta cinye ya fara yagewa ki zura shi cikin wani sabo yadda yake, ba sai kin tono shukar ba. Sannan ki bar kuɓewa 2 ko 3 su bushe a jikin uwar, da kan alayyahu guda, ki ɓare irin ki zuba a kwalba da ɗan toka ki rufe, na shuka ta gaba kenan.